Rundunar 'Yan Sandan Lardin Kent: Yadda Ta Kafu da Yadda Ake Tafiyar da Ita

A daidai lokacin da muhawara kan kafa 'yan sandan jihohi ke ci gaba a Najeriya, tambayar da ta fi damun jama'a ita ce yadda za a hana mai mulki mayar da rundunar yankinsa karen farautarsa. Ingila ta daɗe da fuskantar wannan tambaya, kuma tarihin rundunar lardin Kent, da ke kudu maso gabashin ƙasar, ya nuna amsar da ta bayar.

Bayan kafa rundunar birnin Landan a 1829, majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka a 1839 wadda ta bai wa larduna damar kafa nasu 'yan sanda in sun ga dama. Da yawa sun ƙi saboda gudun kashe kuɗi. A 1856 sai aka yi sabuwar doka da ta wajabta hakan a kan kowane lardi. Dokar ta kuma samar da sufetocin gwamnati masu duba aikin rundunoni, ta yi alkawarin cewa baitulmali zai biya kashi ɗaya cikin huɗu na albashi da kayan sarki ga duk rundunar da aka gamsu da aikinta.

A ƙarƙashin wannan doka rundunar Kent ta fara aiki a watan Janairun 1857 da jami'ai 222, a ƙarƙashin tsohon hafsan soja John Henry Hay Ruxton, hedikwatarta kuwa tana garin Maidstone. Sai dai manyan garuruwan lardin sun ci gaba da riƙe nasu ƙananan rundunoni har zuwa 1943. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Kent ke fuskantar gaɓar Faransa da Jamus ta mamaye, aka haɗe rundunoni tara, ciki har da na Dover da Canterbury da Folkestone, da ta lardi domin umarni ya riƙa fitowa daga wuri guda.

A yau Kent na ɗaya daga cikin rundunonin yanki 43 na Ingila da Wales. Muƙamanta sun taso daga kwanstabul zuwa saja, sufeto da sufiritanda, har zuwa shugaban runduna. Mafi yawan jami'anta ba sa ɗaukar bindiga. Akwai sashe na musamman da aka horar domin hakan. Kasancewar tashar jiragen ruwa ta Dover da bakin ramin jirgin ƙasa da ya ratsa ƙarƙashin teku zuwa Faransa suna cikin lardin, aikin kan iyaka ya zama babban nauyi a kanta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne rabon iko. A 2012 aka fara zaɓen kwamishinan farar hula da jama'ar lardi ke kaɗa wa ƙuri'a. Shi ke naɗa shugaban runduna, yana iya sauke shi, shi ke tsara kasafi da manufofi. Amma doka ba ta ba shi ikon cewa a kama wane ko a saki wane ba. Wannan hurumin shugaban runduna ne. Shi ma kwamishinan akwai kwamitin kansiloli da ke sa masa ido, wanda zai iya hana naɗin shugaba ko ƙarin haraji da rinjayen kashi biyu cikin uku. Kuɗin aiki kuwa daga hanya biyu yake zuwa: tallafin gwamnatin tsakiya da wani kaso na harajin gidaje da mazauna lardin ke biya.

Tsarin bai tsira daga suka ba, musamman saboda ƙarancin masu fitowa zaɓen kwamishinonin. Duk da haka, ginshiƙinsa a fili yake: mai naɗa shugaba daban, mai ba da umarnin kame daban, mai binciken aiki daban.