Jijjigar Mota: Ba Laifin Hanya Kaɗai Ba Ne

Ɗan Arewa da ya taso daga Ikko ko Badun da Land Rover ko Hilux, in ya wuce Kwamba ta Suleja, Jihar Neja, ya saki kwalta ya nufi ƙauye, ƙugunsa zai gaya masa.

Sau da yawa iskar taya ce ta yi yawa. A rage kaɗan a hanyar gargada, amma a mayar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe. A auna iska da safe, kafin taya ta ɗumama.

Ƙara sifirin saboda lodi kuwa yana sa mota tsalle in babu kaya. Shokozoba mai yoyon mai ta mutu ke nan. A sake biyu tare, hagu da dama.