FUREN GALANTUS DA ZANCEN MAGANIN MANTUWA

 

Tambaya ta yi yawa a kan wani ɗan farin fure da hotonsa ke yawo a waya, ana cewa wai maganin mantuwa ne, a samo albasarsa a jiƙa wa tsoho ya sha. To ku ba ni hankalinku, don a cikin maganar akwai gaskiya, akwai kuma abin da zai iya kwantar da mutum asibiti.

Furen ba na ƙasarmu ba ne. Masana tsirrai suna kiransa galantus, kalma ce ta Girkanci mai nufin furen madara, saboda farinsa. Turawan Ingila suna ce masa snowdrop, Turkawa kuma kardelen, wato mai huda dusar ƙanƙara. Sunan Turkawan ya fi dacewa da halinsa, domin a tsakiyar hunturu yake fitowa, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ƙasa ta daskare, itatuwa sun kaɗe ganye, sai ka ga ya ɓullo ta cikin ƙanƙara ya sunkuyar da kai. Subhanallahi. Asalinsa daga tsaunukan yammacin Turai ne zuwa Turkiyya, Kaukasus da Iran, kuma jinsinsa na daji kusan 20 ne.

Yadda ake gane shi. Gajere ne, sau da yawa bai kai tsawon tafin hannu ba. A ƙasa yana da 'yar albasa ƙarama, galibi ganye biyu take fitarwa da sanda ɗaya, fure ɗaya tak a kan sandar. Furen yana da kunnuwa shida, uku na waje dogaye farare, uku na ciki gajeru masu ɗigon kore a bakinsu. Wannan bambancin tsawo shi ne babbar alama. Yana da wani ɗan uwa, lukojum, da mutane ke rikita su, amma shi kunnuwansa shida duk tsawonsu ɗaya, kowanne da ɗigonsa.

Masu sanin abin ba fure kaɗai suke kallo ba, gindin ganye suke dubawa inda ya fito daga ƙasa. Idan ganyen biyu sun haɗa fuska kamar tafukan hannu, sirara, wannan nivalis ne, wanda ya fi yawa a Turai, shi ne kuma masanin nan Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753. Idan gefen ganyen ya naɗe ta baya, plicatus ne, na yankin Kirimiya. Idan ganye ɗaya ya lulluɓe ɗan uwansa kamar yadda ake goya yaro, masu faɗi, launinsu kore mai toka-toka, to elwesii ne, wanda wani Bature mai suna Elwes ya ɗauko daga tsaunukan kusa da Izmir a 1874. Akwai kuma woronowii na Kaukasus, ganyensa kore shar mai ƙyalli. Ku riƙe sunan wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa. Kun ga dai hanyar ɗaya ce da ta masu maganinmu na gargajiya: ba a yanke hukunci a kan tsiro da alama guda, sai an duba ganye, an duba saiwa, an shinshina.

A Ingila akwai mutanen da tara ire-iren wannan fure ya zame musu sana'a da sha'awa. Daga jinsunan dajin nan sun fitar da iri sama da dubu, kowanne da sunansa, bambancin wani da wani bai wuce ɗigon nan ya zama rawaya maimakon kore ba. A 2015 an sayar da albasa ɗaya, irin da ake kira Golden Fleece, fam 1,390 a eBay. A 2022 wata mai suna Golden Tears ta kai fam 1,850. Albasa guda fa, wadda ɓera zai iya tonewa cikin dare. Ni dai a wurina wannan ya shiga babin almubazzaranci, amma na yaba musu haƙurin lura da halittar Allah.

Shukarsa tana son sanyi, da inuwar itatuwa masu zubar da ganye, da ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye. Albasar ba ta jure bushewa, shi ya sa da yawa suke raba dunƙulen da zarar fure ya faɗi, ganye yana ɗanye, su sake binnewa nan take. Idan da iri aka shuka sai an yi shekaru kafin a ga fure, kuma a daji tururuwa ce ke ɗaukar irin tana watsawa. Duk wanda ya ce zai sayar muku ku shuka a Kano ko Maraɗi, kuɗinku kawai yake so, zafinmu ba zai bar shi ba. Bayan haka tun 1990 dokar cinikin tsirrai ta duniya, CITES, ta sa shi cikin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini, saboda yadda aka riƙa tone shi a dazukan Turkiyya. Ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu zuwa can, kada wani ya jefa shi cikin jaka da sunan tsaraba.

Yanzu ga inda gaskiyar take. A shekarun 1950 masana a Tarayyar Sobiyet suka ciro wani sinadari daga woronowii, aka sa masa suna galantamin. A Bulgeriya, likita Dimitar Paskov ya mai da shi magani mai suna Nivalin, aka yi ta amfani da shi ga masu shan inna da raunin jijiya. Daga baya aka gano yana taimaka wa masu cutar mantuwa ta Alzaima, kuma Amurka ta amince da shi a 2001. Aikinsa shi ne, a ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi, mai wannan cuta nasa yana raguwa, galantamin kuma yana hana a rushe ɗan abin da ya rage da wuri. Sauƙi yake kawowa na wani lokaci ga wanda cutar ba ta yi nisa ba. Ba ya warkarwa, ba ya kuma ƙara wa mai lafiya kaifin hadda, don na san masu 'ya'ya a makarantar haddar Alƙur'ani za su tambaya.

Ko ƙwayar da aka tace, likita da miligiram 8 a rana yake farawa, sai bayan mako huɗu ya ƙara, iyakarsa 24, yana lura da bugun zuciya, domin maganin yana rage shi, yana sa tashin zuciya, jiri da rama. To ina ga ɗanyar albasa da ba wanda ya san yawan abin da ke cikinta? Ita guba ce. Amai, gudawa da ciwon ciki ne farkon abin da take jawowa, tsohon da jikinsa ya riga ya yi rauni kuwa gudawar kwana ɗaya ta ishe shi. A Turai ma an sha samun waɗanda suka ci bisa kuskure suna zaton albasar miya ce. Alamar da ke raba su wari ne: albasa da tafarnuwa suna da warinsu, ita ba ta da shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye ta wajen albasar kwaɗi da ke fitowa a fadamunmu da damina. Danginsu ɗaya da galantus, irin gubar da ke sa amai tana cikinta. Kada wani ya ce tunda 'yan uwa ne bari ya gwada ta gida. Ku kuma ja kunnen yara masu wasan girki a bakin fadama.

Idan Baba ko Inna sun fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar, suna ɓata a hanyar masallacin unguwa, ko suna rikita raka'o'in sallar da suka yi shekara sittin suna yi, kada a ce gigin tsufa ne a naɗe hannu, kada kuma a yi saurin cewa sammu ne. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a suratun Nahli aya ta 70 da suratul Hajji aya ta 5, Manzon Allah (SAW) ya nemi tsari daga gare shi, ya kuma umarce mu da neman magani. Ku kai su asibiti a auna hawan jini da sukari, a duba jini ko akwai ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo, a duba kunne, domin wata mantuwar daga nan take, kuma tana da magani. Ku tafi da duk ƙwayoyin da suke sha a leda, har da na gargajiya, likita ya gani da idonsa. Idan ya ga galantamin ya dace da su, shi zai rubuta, mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin ba su a kan lokaci, tare da abinci.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A tura wa 'yan uwa. Wassalamu alaikum.