Saɓanin Masu Sharhi da 'Yan Kallo a Kan Fim ɗin Gridiron Gang

A watan Satumba na shekarar 2006, sa'ad da aka fito da fim ɗin Gridiron Gang a Amurka, wanda Phil Joanou ya ba da umarninsa, Dwayne Johnson kuma ya fito a matsayin Sean Porter, jami'in gidan horon kangararrun yara na Camp Kilpatrick da ke yankin Los Anjalas, mai horar da su ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, sai aka sami saɓani mai ban mamaki, domin jama'a sun yi tururuwa har fim ɗin ya zama na ɗaya a gidajen sinima a makonsa na farko, alhali kuwa akasarin masu sharhi a jaridu taɓe baki suka yi ta yi.

Hujjarsu ba ɓoyayya ba ce. Cewa suka yi wanda duk ya kalli Remember the Titans na 2000, ko Coach Carter na 2005, ya riga ya san inda za a dosa tun ba a yi nisa ba: ga mai horarwa mai tsawa, ga 'yan daba masu gaba da juna an sa musu riga iri ɗaya da hular kwano, a sha mummunan kaye a wasan farko, a yi kuka, sa'an nan nasiha ta ratsa zukata. Sun dai yaba wa Johnson, wanda a lokacin da kokawa aka fi saninsa, amma jawaban da yake yi wa yaran sun ɗauke su wa'azi ne da aka sha maimaitawa har ya gundure.

A nan ne, a nawa ra'ayin, ba su yi cikakken adalci ba, gama shi wannan labari asalinsa wani fim ne na haƙiƙa da Lee Stanley ya ɗauka, aka nuna a 1993, kuma wanda ya yi haƙurin zama har sunaye suka fara hawa a ƙarshe, zai ga an kawo guntayen wancan fim, ga Sean Porter na gaskiya tsaye a fili, yana faɗa wa yara na gaskiya kusan kalmomin nan da aka ce marubuci ne ya ƙaga. Ashe maganar da ta tsufa a kunnen mai sharhi, wanda kallo ya zama sana'arsa, sabuwa ce fil ga yaron da bai taɓa jin wani babba ya ce yana da amfani ba.

Aibin da ya fi cancantar ta'aliƙi, ba kowa ya tsaya a kansa ba. Fim ɗin ya buɗe da cewa kashi 75 cikin ɗari na irin waɗannan yara kurkuku suke komawa ko su mutu a titi, amma da ya zo ga makomar 'yan wasan bayan an sallame su, wanda shi ne asalin mas'alar, sai ya taƙaita ta cikin 'yan jumloli, aka ce wasu sun koma makaranta, wasu sun koma gidan yari, ɗaya kuma an harbe shi.