Gigin tsufa: abin da ake faɗa a Shira da abin da ya tabbata

Daga Yana zuwa Disina, idan tsohuwa ta fara kiran jikarta da sunan 'yarta da ta rasu, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida, wasu kan ce "tsufa ne, kowa zai je can", wasu kuma su yi ƙasa da murya su ce sammu ne ko maita. Duk biyun ba haka ba ne. Manta inda aka ajiye carbi abu ne na shekaru, amma manta hanyar masallacin da aka yi shekara arba'in ana zuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffi da yawa har su koma ga Allah ba ta taɓa su ba. Jifan marar lafiya da maita zalunci ne tsagwaronsa.

Ana kuma cewa cutar ba ta da rigakafi. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji da gani, rashin motsa jiki da kaɗaici. Hawan jini ya fi damuna, don yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa shekara da shekaru ba tare da ko ciwon kai ba.

Batun abinci gaskiya ne, amma ba yadda mai maganin lasifika ke faɗa ranar kasuwa ba. Babu ƙwaya ko garin da aka tabbatar yana dawo da tunanin da ya tafi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sha bitamin B ko E da niyyar rigakafin gigi. Wake, gero, zogale, rama da kifi suna da amfani. Matsalar tana hannun mai miya: gishiri, sannan a murtsuke dunƙule uku ko huɗu a kai. Hukumar ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya.

Maganar da ta fi cutarwa kuwa daga ƙauna take fitowa: "Baba, ka huta, mun ɗauke maka." Sai a karɓe fartanya, a hana shi zuwa kasuwa, a shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki. A Finland an bi tsofaffi 1,260 shekara biyu, kuma sakamakon 2015 ya nuna waɗanda aka haɗa wa motsa jiki, gyaran abinci, aikin tunani da kula da hawan jini sun fi riƙe kaifin ƙwaƙwalwa. Tattaki zuwa masallaci, kiwon awaki da zaman majalisa duk suna cikin lissafi.

Farin ciki shi kaɗai ba ya warkar da gigi. Sai dai ciwon damuwa, musamman bayan rasuwar abokin zama, yana iya zuwa da mantuwa har a zaci gigi ne, alhali yana da magani. Haka ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu: sau da yawa zazzaɓi ne, ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko farkon shanyewar ɓarin jiki. Mai irin wannan a kai shi asibiti a ranar, a Yana ko babban asibitin tarayya na Azare.