Yaro mai jinkirin fahimta ma yana da wuri a filin wasa

Jama'a masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa da ke ƙetare, kusan kowane gari akwai yaron da ya yi jinkirin magana, ko karatun lakkol ya gagare shi, ko sai an maimaita masa abu sau da yawa kafin ya riƙe. Wasu su ce masa wawa, wasu su ce iskoki ne. Idan tsaransa suka fita ƙwallo ko langa, shi ana barinsa bakin zaure yana kallo.

Mu fara raba abu biyu. Wannan lalura ba hauka ba ce. Naƙasa ce ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum koyon abu sannu-sannu, kuma tun yarinta take bayyana. Wani da ita aka haife shi, kamar masu abin da likitoci ke kira Down. Wani doguwar naƙuda ce ta jawo masa, wani rashin sinadarin ayodin a jikin uwa lokacin goyon ciki, wani kuma sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Waɗannan biyun na ƙarshe mun san su sarai a ƙasar nan.

A Amurka wata mata, Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar shugaba John Kennedy, tana da yaya mai irin wannan lalura. Ita ta kafa gasar Special Olympics, wadda aka fara a birnin Cikago a watan Yuli na 1968 da ƴan wasa wajen 1,000. Yau gasar ta game duniya: an yi ta a Abu Dabi a 2019, aka yi a Balin ta Jamus a 2023. Kada a haɗa ta da Paralympics, inda gwanaye kaɗai ke zuwa.

Dabarar da ta riƙe wannan gasa mai sauƙi ce, kuma ita muka fi so ku ji. Kafin a fara, ana gwada kowa, sannan a raba su rukuni-rukuni gwargwadon shekaru da ƙarfi, daga mutum 3 zuwa 8. Mai gudu a hankali da mai gudu a hankali zai kara. Ai ko a dandalin kokowa na ƙauye ba a haɗa ɗan shekara goma da ƙato, kowa da tsaransa. Na ɗaya zuwa na uku su samu lambar yabo, sauran ma ba wanda ke komawa gida hannu wofi. Daga shekara 8 ake shiga. Akwai kuma tsarin da ake haɗa masu lalurar da marasa ita cikin ƙungiya guda, riga iri ɗaya. A ganinmu wannan ya fi dacewa da garuruwanmu, don ba ya bukatar komai sai ƙwallo, fili, da babba guda mai haƙuri. Yaron da aka saba tsokana, ran da ya ba ka ƙwallo ka ci, da wuya ka sake jifarsa.

Kuma ba alfarma ba ce. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma aya ta 30 ta ambaci wasanni ƙarara.

Sai dai a kiyaye. Kusan rabin yaran da aka haifa da Down suna da matsalar zuciya, wasunsu kuma gaɓar wuyansu ba ta da ƙwari. To kafin kokowa, tsalle-tsalle ko buga ƙwallo da ka, a kai su likita ya duba. Mai farfaɗiya yana iya wasa, ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta miyau, amma kada a bar shi shi kaɗai a tafki ko bakin rijiya. Lokacin bazara a yi wasan da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha kusa. Ƴan mata ma a ware masu nasu lokaci, don su aka fi kullewa cikin gida.

Ƴan uwa na ƙetare da ke aiko wa samarin fada riguna da ƙwallo, idan kun kira waya ku tambaya ko yaron nan na bakin zaure ya samu tasa rigar.