BAKA BA YA SON GAGGAWA

'Yan'uwa mazauna Kurmi, duk mun saba ganin maharbi rataye da kwari da baka, amma kaɗan ne suka san wahalar yinsa. Yakan sari miƙaƙƙen reshen dargaza, ya ajiye shi a inuwa sai ya bushe sarai. Sa'an nan ya ɗaura tsarkiya, ya ja kaɗan, ya duba. Gefen da ya ƙi lanƙwasuwa shi zai kankare da wuƙa, ta ciki, domin bayan bakan ba a taɓa shi. Haka zai yi ta yi har sama da ƙasa su lanƙwasu daidai. To, wanda ya yi gaggawa, ran da ya gamu da ɓauna bakan zai karye masa a hannu.