Ido a Kara, Sikeli a Mahauta: Wa Ke Duba Ma'aunin?

Jama'a 'yan uwa fatake da dillalai, ga wata magana da ta kamata mu zauna a kanta. A Adumri ko Ngong, da ido muke sayen sa. A dubi tozo, a dafa ƙugu, a ce albarka ko sallama. To amma da zarar san nan ya isa hannun mahauci a Garuwa ko Yawunde, sai ya koma kilo. Tunkuzar gurya da muke saya daga Sodecoton ita ma a kilo take zuwa. Wato mu kaɗai ne a tsakiya muke ciniki da ƙiyasi, kowa kuwa yana da sikelinsa.

Shi kilo ba na wani mutum ba ne. Tun 1889 akwai wani ɗan curin ƙarfe a kusa da Paris wanda duniya ta yarda shi ne kilo, har zuwa 2019 da masana suka koma ga lissafin kimiyya wanda ba ya canzawa. Kowace ƙasa aikinta ta tabbatar kilon kasuwarta ya yi daidai da wancan. A nan Kamaru akwai dokar awo ta 2004, kuma ma'aikatar kasuwanci ce ke da jami'an da ke gwada sikeli da duwatsun awo su sa masa shaida. A 2009 aka kafa hukumar ANOR don tsara ƙa'idojin ingancin kaya. Dokar tana nan, sai dai a ganina ba ta cika shiga kara ba, mu ma ba mu neme ta ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne magani. Ƙullin Berenil ɗaya na sammore an auna shi ne don dabba mai kilo 300. Bijimi mai kilo 450 in ka ba shi ƙulli ɗaya, kuɗinka ya tafi, cutar ba ta mutu ba, ta ma ƙara saba wa maganin. Maraƙi kuwa in aka zarce masa, ana iya rasa shi. Idon gwani yana kusantar nauyi, amma ba kullum ba, balle ga yaran da muke turawa da allura.

Na san wasu dillalai ba sa son zancen nan, suna tsoron sikeli zai ci la'adarsu. Sikeli ba ya sanin lafiyar dabba ko shekarunta, balle ya tsaya wa baƙo shaida; wannan duk aikin dillali ne. Malamai kuma sun sha karanta mana Suratul Muɗaffifina da labarin mutanen Annabi Shu'aibu, babu mai cewa bai ji ba.

Shawarata, ƙungiya ta rubuta wa wakilin ma'aikatar kasuwanci na Garuwa, a nemi sikelin shanu ko guda ɗaya a Adumri, jami'ai su riƙa gwada shi duk shekara a gaban sarkin pawa da shugabannin kara. Kafin nan kowa ya nemi igiyar awon ƙirji wajen likitan dabbobi, ya koya wa yaransa karanta ta.